Wai Me Baƙauye Yake Yi da Kwamfuta?

Mutanen birni ba su yarda akwai kwamfuta a ƙauyenmu ba, mutanen ƙauyenmu kuma ba su yarda aikin kirki nake yi da ita ba. Na farkon sun ce cika baki ne, na biyun sun ce kallon aljanu ne. Tunda an haɗe min kai, yau kowa zai karɓi rabonsa, wanda ya ji zafi kuma ya tuna shi ya fara tsokana.

Da kai zan fara, Alhajin birni, ranka ya daɗe, kai da kake tsammanin da zarar mota ta wuce Dawanau duniya ta ƙare, sai jakai da rumbuna. Jakan suna nan, ban musa ba. Su ne ma suka yi shekara da shekaru suna kwaso tokar gidanku da sharar lungunku suna kawo mana taki, mu kuma muna mayar muku da gero da gyaɗa. Amma ka daure ka sauke gilashin motar ka duba. Daga Minjibir zuwa Ɗambatta, daga Makoɗa zuwa Kunchi da Bichi, da wuya ka ga daji. Gona tana jingine da gona, gawo da ɗorawa da kuka kowanne da mai shi, ladanin wannan ƙauye yana jin kiran sallar na wancan. Tun shekarun 1960 wani Bature masanin ƙasa, Michael Mortimore, ya fara zuwa yana nazarin yadda jama'a masu yawa haka suke ci daga ƙasar da ba a barin ta ta huta. To inda mutane suka cika haka, me zai hana waya da kwamfuta su biyo su? Ga Kwalejin Ilimi ta Tarayya a Bichi, ga Kwalejin Aikin Gona ta Audu Baƙo a Ɗambatta. Tun 2015 kuma hukumar JAMB ta ajiye fensir da takarda ta koma jarrabawar kwamfuta zalla, saboda haka ɗan manomin da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba, ko ya haddace littafin kimiyya daga bango zuwa bango, hannunsa zai yi ta rawa a ɗakin jarrabawa. A kan tawa yaran unguwarmu suke koyon dannawa. Wannan shi ne aikin kirkin da na ce, kuma na faɗe shi da wuri ne don kada a ce ban da shi.

Kwamfutar tawa ta hannu ce, irin ta ɗorawa a cinya, ta ga duniya kafin ta ga ƙauyenmu. Batirinta ya kusa cewa ga garinku nan, in ka zare waya daga bango ba ta jimawa sai ta yi ajiyar zuciya ta mutu. Mai caji na bakin kasuwa, wanda yake da farantan sola a kan rufin shagonsa, yana manna wa kowace waya 'yar takarda mai lamba, amma tawa ba ya ba ta lamba, don ita kaɗai ce, kuma kuɗinta daban ne. Sabis kuwa yana da wurin zamansa: gindin darbejiyar bayan makarantar firamare, gefen gabas. Ka matsa taku biyar ka fita daga duniya.

Yanzu na juyo kanku, mutanen gida. Ku ne kuka yanke cewa akwatin nan yana da iskokai, kuma hujjojinku ba na wasa ba ne. Da sanyi ya shigo, hazo ya rufe gari, sai ta kama gurnani, ta ɗau zafi, ta ɗauke ba sallama, galibi daidai lokacin da jarumi ya zare takobi. Gwaggo ta ce a kai ta a yi mata tofi. Wajen mai gyara na kai ta a birni. Ya kwance 'yan kusoshinta ya tara su a murfin kwalba, ya ɗaga marfin baya, ya nuna min 'yar fankar da ke fitar da zafi. Ƙura ta dunƙule a bakinta ta zama tsumma, har da ƙaiƙayin gero a ciki, shaidar an yi sussuka kusa da ita. Ya sa tsohon burushin haƙori ya kakkaɓe, ya hure, ya mayar. Kwamfuta in ta rasa hanyar fitar da zafi kashe kanta take yi don kada ta ƙone. Aljani na ɗaya ke nan.

Na biyu ya fi ban tsoro. Kullum na kunna ta sai agogonta ya koma wata tsohuwar shekara, lokacin ƙanwata tana goye. In na shiga intanet sai ta ƙi buɗe komai, ta ce ba ta amince da wurin ba. Wannan kam har ni na yi shiru. Ashe wani ɗan batiri ne a cikinta, fale-fale, girman kwabo, aikinsa kawai ya riƙe lokaci in an kashe ta. Da ya mutu sai ta manta ranar da ake ciki, ita kuwa intanet tana duba kwanan wata kafin ta yarda da takardar shaidar kowane shafi. An canza shi da kuɗin da bai kai na kwanon wake ba. Na uku shi ne mai shanye data cikin dare: ka jona ta da waya ka kwanta, da asuba ka tarar babu ko ɗigo. Ba maye ba ne, manhajarta ce take sabunta kanta ba ta nemi izini ba, kuma akwai wurin da ake danna mata a ce datar nan awo ce, ta yi a hankali.

Babban cikinsu kuwa ta ƙofar nishaɗi yake shigowa, kuma a nan, na yarda, kuna da abin faɗa. Duk kasuwar da ta amsa sunanta a yankinmu tana da mai tura fim: saurayi da kwamfuta da lasifika, gabansa layin masu memori da masu filashi. A wajensa ake samun Indiya fassarar Hausa, irin wadda su Algaita suka yi suna a kanta, da sizin na Koriya da na Turkiyya, da karatun littafi na saurare. Filashi ɗari ne suke shiga kwamfutarsa a yini, kowanne da cutar gidansu. Ka kawo naka gida ka soka, sai ka ga duk abin da ke ciki ya rikiɗe: sunayen suna nan, amma kowanne da 'yar kibiya a gindinsa, ka danna ba abin da zai buɗe sai ƙarin bala'i. Sakamakon jarrabawar ɗalibai, takardar neman aiki ta ɗan maƙwabci, hotunan suna, duk sun yi ɓatan dabo. Wanda bai sani ba sai ya yi fomatin cikin fushi, ya share da hannunsa abin da bairos bai share ba. Domin wannan bairos ɗin ɓarawon zaune ne, ba ya fita da kaya, ɓoye su yake a cikin ɗakin. Ka umarci kwamfutar ta nuna ɓoyayyun fayiloli, sai ga su nan a rakuɓe.

Kun lura dai, kowane aljani a cikin huɗun nan da aka buɗe bayansa an tarar da dalili. Ku riƙe wannan, zan nemi shi a hannunku nan gaba kaɗan.

Allah gafarta Malam, na hango ka kana gyara rawani. Na san tambayar: magidanci da gemunsa, me ya haɗa shi da littafin ƙarya? To ai ita tatsuniya ba ta taɓa yaudarar kowa ba. Tun kafin ta fara take sanar da kai ko wace ce, in ta ƙare kuma ta ɗora laifin a kan Gizo. Ƙaryar da ake tsoro ita ce mai sanye da rigar gaskiya, irin wadda ake turowa a waya cewa wani ya ci kaza ya zama kaza. Sannan ka tuna su wa suka fara rubuta mana irin waɗannan labarai da boko. A 1933 Rupert East ya shirya gasar ƙaga labari daga ofishinsa na Zariya, kuma cikin littattafan da suka fito daga gasar akwai Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda a lokacin yake koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina, da Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, malami wanda daga baya ya zama Walin Katsina. Ganɗoki ya fara da yaƙin Turawa na gaske, ya zarce ƙasashen aljanu bai ko waiwayo ba. Imam ɗin nan dai, bayan ya gama Magana Jari Ce, littafin labaran aku, shi aka damƙa wa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Ba wanda ya ce mai labarin aku ba zai iya riƙe jarida ba. Zage-zagi, na ji kuna tafi, to ku dakata: a garinku aka buga, amma ku duba da kyau ku ga daga ina marubutan suka zo. Injin ne naku.

Abin da nake so da wanda ba na so a cikin irin waɗannan labarai, Kawu ne ya fayyace min shi, shi da bai taɓa buɗe littafin boko ba. Da rani ne, bayan isha'i, amfani ya shiga rumbu, ba mai sammakon gona. An kifa turmi a ƙofar gida an ɗora kwamfuta, an jawo waya daga ɗan janareton maƙwabci, ana kallon Baahubali, fim ɗin Indiya na S. S. Rajamouli wanda kashi na farko ya fito a 2015, na biyu a 2017. Kawu yana kishingiɗe a tabarma da goronsa. A kashin farko jarumi ya ciccibi dutsen da ƙarti goma ba za su motsa ba, Kawu ya gyaɗa kai. Ya haye dutsen da ruwa ke kwararowa daga samansa, Kawu ya ce namijin duniya. Da muka kai ƙarshen kashi na biyu, inda aka tanƙwaro dogayen itatuwa har ƙasa, mayaƙa suka hau, aka saki, itacen ya cilla su cikin birni ta saman ganuwa, sai Kawu ya tashi zaune ya tofar da goro.

"Ƙarya ne wannan!"

Yara suka ce, Kawu, ai tun ɗazu mutane suke tashi sama. Ya ce tashi sama ba ruwansa, wataƙila suna da layarsu. Amma itacen nan ɗan'uwan giginya ne, shi kuwa ya sari giginya ya fasa ta ya yi azara da hannunsa, ba ta lanƙwasa, karyewa take. Daga nan ya juya wa kwamfutar baya har aka gama.

To ga abin da na ce ku riƙe min. Mai sauraro zai ba ka aron hankalinsa ka kai shi birnin aljanu, amma bisa sharaɗi biyu: kada ka taɓa abin da ya sani da hannunsa, kuma dokar da ka kafa wa duniyarka ka tsaya a kanta. Ina son labarin da in na kwance bayansa zan tarar da dalili, yadda mai gyara yake tararwa. Sihirin da ba shi da farashi, ba shi da iyaka, ba shi da abin da ke karya shi, lalacin marubuci ne kawai.

Shi ya sa har gobe Ruwan Bagaja yake gaba a wurina. Jaruminsa Alhaji Imam ba ƙarfi gare shi ba, baki ne da dabara, kuma duk sharrin da ya ƙulla wa Malam Zurƙe ɗan Muhamman sai an rama masa a gari na gaba. Ka ci bashi, ka biya. Akun Magana Jari Ce shi ma ba takobi ba laya, labari kawai yake jerowa don ya tsare ɗan sarki a gida, kuma ya san in labarin ya yi sanyi yaron zai fice. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa ƙarfi ne zalla, amma yaron da gurguntaka ya fara, saboda haka in ya ɗaga takobi kana tuna lokacin da ba ya iya ɗaga ƙafa. Af, ku masu cewa labarin baƙi yana ɓata mana al'ada, Iliyan nan da kuka karanta a firamare kuna ƙaunarsa, ɗan ƙasar Rasha ne. Sunansa na gida Ilya Muromets, Sarki Waldima shi ne Vladimir, birnin Kib kuma Kiev. Abubakar Imam ma daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Jamus da na Indiya ya ɗebo da yawa, ya sa musu babbar riga da hula. Fassara ta girmi mai tura fim nesa ba kusa ba. Har sararin samaniya an kai mu tun 1969, a Tauraruwa Mai Wutsiya ta Umaru Dembo.

Littattafan yaƙi na Kano, irin waɗanda Abdul'aziz Sani Madakin Gini da Aliyu Abubakar Sharfaɗi suka yi fice a kansu, na ci kuɗin tarata a shagon hayarsu, kuma ban yi nadama ba. Sun iya gina birni, sun iya raɗa wa takobi suna. Inda nake rabuwa da wasu masu bin sawunsu shi ne wurin lissafi. In sadauki ya kashe dubu arba'in da sara ɗaya a shafi na goma, me zai tsorata ni a shafi na hamsin? Sai a kawo aljani mai kai bakwai, gobe mai kai saba'in, jibi mai kai dubu. Kawunan suna ƙaruwa, fargabar tana raguwa.

A talabijin Merlin nake so, wanda BBC ta nuna daga 2008 zuwa 2012. Yaro ne bara a fada, yana da baiwar da in Sarki Uther ya sani kansa zai tafi, saboda haka kullum sai ya ceci Yarima Arthur a ɓoye, a yaba wa wani, shi a aike shi wanke takalma. Duk wanda ya taɓa aiki a ƙarƙashin wani ya san wannan labarin ba daga Ingila kaɗai yake ba. Zoben da ke littafin Tolkien na 1954 ma haka: yana ɓoye mai shi daga idon mutane, amma duk sawa ɗaya yana gutsurar wani abu daga zuciyarsa. Harry Potter kam ku yi haƙuri, na gwada. Ban damu da tashi a kan tsintsiya ba. Makarantar kwana ce aka nuna inda abinci yake cika tebur kowa ya ci ya bari, ni kuwa na yi makarantar kwana. A nan na zama Kawu.

Hajiya, na ji ki. Kin ce ke ba ki kallon shirme, sai abin da ya shafi rayuwa: Daɗin Kowa da Kwana Casa'in a Arewa24, da Labarina, da Izzar So. Ban raina ba, Daɗin Kowa musamman ya san yadda tsakar gidan talaka take. Amma ki faɗa min tsakaninki da Allah, a finafinan soyayyar da kike jerawa a memori, sau nawa kika ga an ɗauke wuta ana tsakiyar hira a falo? Sau nawa wayar saurayi ta mutu ya tafi neman mai caji? Yaushe budurwa ta fita gindin darbejiya neman sabis? Saurayi ba ya noma, ba ya kasuwa, kullum yana cikin mota mai sanyi yana tunanin Zainab. Nawa dodon aƙalla an gaya min dodo ne.

Kai kuma ƙanena ɗan jami'a, da ka dawo hutu kana yi mana ɗagawa da Game of Thrones, kana cewa wanda bai gan shi ba bai ga komai ba: na gani, ni kaɗai, da ƙofa a rufe da yatsa a kan madannin tsallakewa, don ba abin da za a ɗora a kan turmi gaban Kawu ba ne. Farkonsa ya san farashi, wanda ya yi wauta yana biya da kansa ko da shi ne ake ƙauna. Ƙarshensa a 2019 kuwa, ba sai na faɗa ba, masoyansa na duniya sun riga ni. Sannan kun daɗe kuna yi wa marubutan Kano dariya wai suna yanke labari a tsakiya su ce mu haɗu a littafi na biyu. Su dai suna kawo na biyun kafin kaka. George R. R. Martin ya fitar da na biyar a 2011, yaran da aka haifa a shekarar sun shiga sakandare, na shidan shiru.

Za ku ce mai wannan baki haka, ina nasa? Yana nan cikin kwamfutar, kuma shi ya haɗa ni da aljani na biyar. In ina bugawa, kowace kalmar Hausa sai ta ja mata jan layi a ƙasa, kamar malamin da ya tsani ɗalibi tun ranar farko. Wannan da sauƙi, ana kashe shi. Da na kai babi na farko wajen mai buga takardu a cikin gari, sai takarda ta fito duk inda ƙ ko ɗ ko ɓ take an dasa ɗan akwati fanko. Jarumina ya rasa farkon sunansa, sarki ya rasa ƙasarsa. Dalili: salon harafin da ke kwamfutarsa bai san haruffanmu masu ƙugiya ba. Tsohuwar matsala ce. Tun shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu ya ƙera salon haruffa na Rabi'at da Abdalla don marubutan Hausa su samu ƙugiyarsu, sai dai dole wanda zai buɗe rubutun shi ma ya kasance yana da su. Yanzu haruffan suna da gurbinsu a tsarin bai-ɗaya na duniya, wayoyi ma suna da allon rubutun Hausa, kuma in ka mayar da rubutu PDF kafin ka fita da shi, ƙugiyarka za ta isa inda za ta lafiya. Wanda ya ce maka wahala ce ta sa yake rubuta Hausa ba ƙugiya, ka ce na ce ƙyuya ce.

Jarumin littafin nawa manomi ne daga wajen dam ɗin Tomas. Aljaninsa yana biyan buƙata, amma kowace buƙata damin gero ɗaya ce, ba ya karɓar bashi, ba ya karɓar dawa, kuma daga saukar ruwan farko har a yi girbi ba ya amsa kira, don shi ma yana da gonarsa. Giginya ko ɗaya ba ta lanƙwasa a ciki ba, Kawu ya duba. Mai son karantawa ya same ni ranar kasuwar Ɗambatta, a takarda zan ba shi, kada wanda ya zo min da filashi. Alhajin birni zai biya kuɗin mota da kansa, Malam kyauta ne in ya yi alkawarin ba zai karanta a ɓoye ba, Zage-zagi kuwa kuɗinsu ninki biyu ne.